Gwangwanin da Ba Ya Ƙarewa

Ranar wata Talata da hantsi Baba ya miƙo min agogon wani direba ya ce, "Uwata, duba min nan, ƙarfe nawa ya nuna?"

Na ɗauka tsokana ce, don ya saba. Na ce masa goma saura minti bakwai. Ya ce to, ya kifa agogon a kan koren ƙyallen teburinsa, ya buɗe bayansa, ya ɗauki hantsaki zai kama wani ɗan noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya kai hannu, ya kama iska. Ya sake kaiwa, ya kama ƙyalle. A karo na uku sai ya ajiye hantsakin a hankali, ya murza ido da bayan hannu, ya ce wai fitilar ce ta tsufa. Fitilar sabuwa ce, ni na sayo ta.

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana gyaran agogo a shago ɗaya, wani ɗan lungu tsakanin mai aski da babban shagon kayan masarufi. Idan mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya yi sallama daga waje. A layinmu ba wanda ke kiransa da sunansa. Saura Kwata ake ce masa, saboda duk inda aka ce masa ƙarfe kaza, to da saura kwata za a tarar da shi zaune yana jira, har ya fara jin haushin waɗanda ba su makara ba tukuna. Umma ta ce ranar da ya fara zuwa gidansu ma haka ya yi mata, tana tsakiyar wanke kai aka ce ya iso.

Karatun bokonsa aji huɗu ne, amma lamba ba ta taɓa ba shi wuya ba. Yana da wani ɗan gilashi mai kama da murfin kwalba da yake maƙalawa a kwarmin idonsa na dama idan zai shiga cikin agogo. Tun muna yara muke kiransa ido na uku. Sannan yana da wata cuta da ba ta da magani, wato son gwangwani. A shagonsa batir yana cikin gwangwanin alewa, hannuwan agogo suna cikin na man takalmi, ƙananan noti suna cikin na kifi. Umma ma ta kamu. A kicin ɗinmu gishiri yana cikin gwangwanin da aka rubuta sukari, sukari yana cikin na ganyen shayi, ganyen shayi kuma yana cikin wata kwalbar man shafawa da aka wanke tun kafin a haife ni. Wanda ya buɗe gwangwanin biskit da murna, zare da allura zai tarar. Mun taso a haka, ba mu taɓa ganin abin mamaki a ciki ba.

Ni ce auta, kuma ni kaɗai ta rage a gida. Wata huɗu ke nan da gama jami'a, kimiyyar abinci na karanta, ina zaune ina aika takardun neman aiki ba mai amsawa. Shi ya sa nake zuwa shagon da safe ina taya shi hira, shi ya sa kuma na ga abin da ya faru da notin nan.

Sai da muka yi kwana uku muna fama kafin ya yarda ya je asibiti. Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya fara taɓa ƙananan jijiyoyin bayan ido. Ta rubuta magani, ta jera abin da zai rage da abin da zai bari. Ta ce bayan wata uku a dawo a ɗibi jini, a yi wani gwaji da ke nuna yadda sukarin ya kasance tsawon lokacin gaba ɗaya, don haka ba a yi masa dabarar azumin kwana biyu. Idan ya sauka, akwai fatan idon ya tsaya inda yake. Idan bai sauka ba, sai allura kullum, kuma ba za ta yi masa alkawarin ƙananan agogo ba.

Baba ya ce, "Wato dai akwai agogo a cikin jinin, yana ta lissafi ban sani ba."

"Kusan haka ne, Baba," in ji ta.

"To shayi fa? Don in kin hana shayi gara ki yi allurar tun yanzu."

Ta yi dariya, ta ce shayi ba sukari, da madarar gari zalla cokali biyu a shafe, safe da yamma.

Illar karatu ita ce ka san abin da zai iya faruwa. Umma ta ji "sukari" ta ce Allah ya sawwaƙe. Ni na ji "jijiyoyin bayan ido" sai hotunan littafinmu na aji uku a jami'a suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Muna isa gida na faɗa kicin kamar an aiko ni bincike. Duk abin da ya zo a kwali ko leda ko gwangwani na sauke shi ƙasa, na zauna a tsakiya ina juya bayansu ina karantawa da ƙarfi. Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ke da wa kike faɗa?"

"Da wannan," na ce, na ɗaga kwalin biskit ɗin da Baba ke ci kullum da la'asar.

Baba ya leƙo ta bayanta. "Likitar gida, ai wannan na alkama ne. Ga hoton alkamar nan, har da rana tana fitowa a bayanta."

Na juya masa bayan kwalin, na nuna masa ɗan jadawalin da ke can ƙasa. Na ce lambobin nan duk na ci ɗaya ne, kuma a wurin masu kamfanin ci ɗaya biskit biyu ne. Kwalin goma sha biyu ne a ciki. Duk abin da ya gani a rubuce sai ya ninka shi sau shida, don shi kwalin yake tashi da shi.

"Biskit biyu," ya ce. "Wane ne ke cin biskit biyu? Sai dai in baƙo ne mai kunya."

Ya karɓi kwalin ya nisanta shi, ya kusanto da shi, bai ga komai ba. Sai ya laluba aljihu ya ciro ido na uku ya maƙala. Ya daɗe a sunkuye a kan kwalin nan kamar yadda yake yi wa agogo mai tsada. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza, irin canzawar da take yi idan ya gano inda matsala take.

"Ashe sana'ata ce," ya ce. "Fuskar agogo ta mai saye ce, a goge ta, a sa mata ruwan zinariya. Ni ban taɓa yarda da agogo ba sai na buɗe bayansa. Shekara nawa ina cin abin nan ta fuska."

Daga ranar na rasa iko da shi. Na koya masa abu uku ko huɗu kawai, ya mayar da su aikin yi. Na ce masa in zai gwada kaya biyu ya duba layin giram ɗari, don a nan ne kowa ke tsayawa a ma'auni ɗaya. Na ce masa a jerin kayan haɗi, wanda aka fara rubutawa shi ya fi yawa, haka har zuwa na ƙarshe. Na rubuta masa sunayen da sukari ke ɓuya da su a bayan wata tsohuwar takarda, ya haddace su da siffarsu kamar lambar mota. Wanda ya fi shiga ransa kuwa shi ne cewa giram huɗu na sukari kusan ƙaramin cokali ɗaya ne.

Washegari na tarar da ɗan faranti a kan teburin shago, da tulin sukari a ciki, kusa da kwalbar lemo. Ya karanta bayan kwalbar, ya raba da huɗu, ya auna cokali goma cif. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa.

"Za ka iya shanye wannan a tsaye?"

"A'a, Saura Kwata."

"To jiya na gan ka ka shanye shi, har ka yi gyatsa."

Mai Shago, maƙwabcinsa na kayan masarufi, abokin tsokanarsa ne tun suna da baƙin gashi. Kafin sati ya zagayo ya shigo yana kumfar baki. Ya ce Baba ya tsaya masa a gaban kanta da gilashi a ido kamar mai neman aljani, masu saye suna tambayarsa ko kayan sun lalace ne.

"Kai da ba ka ganin noti, yanzu kai ne mai ganin abin da ke cikin taliya?"

"Na gani mana. Gishirin da ke cikin ƙullin ɗanɗanon nan ya kusa na yini guda. Ka taɓa dubawa?"

"Ni sayarwa nake yi, ba karatu ba."

"Shi ya sa wuyanka ya yi kamar na sa."

"Wuyan gado ne. Kai dai ka bar min masu lemo su sha abinsu."

Wata rana a wurin Mai Shago wata mata ta ɗauki ruwan 'ya'yan itace na kwali wanda aka rubuta a gabansa cewa ba a ƙara sukari ba. Baba ya ce mata ba a ƙara ba daban, babu daban, ya juya mata bayan kwalin ya lissafa mata cokulan. Ta ajiye ta ɗauki ruwan gora. Mai Shago ya ce saura kaɗan ya sa a yi masa katanga.

Duk wannan raha ce, kuma ina dariya tare da kowa, amma ina ganin abin da ba su gani. Baba ya daina karɓar ƙananan agogo. Na bango kawai yake gyarawa, masu manyan haƙora. Agogon direban nan ya nannaɗe shi a ƙyalle ya sa a durowa. Direban ya zo sau biyu, Baba ya ce masa akwai wani abu da yake jira, ya dawo bayan wata uku. Bai yi ƙarya ba.

A gida kuwa na kafa doka. Na sayo babban gwangwanin madara mai shuɗin murfi, wanda jerin kayan haɗinsa kalma ɗaya ce tak, madara. Na ɗora shi a saman kanta shi kaɗai, na kira Umma, don ita ke haɗa masa shayi tun kafin a san za a haife ni.

"Umma, daga wannan gwangwanin kawai za a riƙa ɗibar masa. Cokali biyu a shafe. Kada a ɗiba daga ko'ina sai nan."

"Na ji, Malama."

Kuma ta ji ɗin. Ita ma ta bar sukari don kada ya gani ya yi kwaɗayi, alhali ba wanda ya sa ta. Kullum da safe sai na leƙa kicin na ga shuɗin murfin nan a wurinsa, na ga cokali biyu a shafe, hankalina ya ɗan kwanta. Baba kuwa tun ranar da gwangwanin ya shigo gidan ya yi masa kamu. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya gwada murfin, ya ce idan ya ƙare nasa ne, sifirin ɗin agogon bango zai zuba.

Makonni biyun farko yana shan shayin yana yamutsa fuska kamar an ba shi magani. A cikin mako na uku sai ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa.

"Uwata, shayin nan yau da zaƙi."

Abin da na yi a nan shi ne ya fi damuna. Murna na yi. Na gyara zama na yi masa bayani, da hannu da komai, cewa idan mutum ya bar sukari na ɗan lokaci harshensa yana farfaɗowa, ya fara jin ɗan zaƙin da ke cikin madara da kanta. Na ce alama ce mai kyau, jikinsa ya fara karɓar gyara. Ya gyaɗa kai cike da alfahari. Da yamma na ji shi yana gaya wa Mai Shago cewa harshensa ya koma na jariri, kimiyya ce, ba zai gane ba.

Ranar kwana na hamsin da ɗaya, muna karyawa, Baba ya ce a miƙo masa gwangwaninsa ya ga saura nawa, don sifirin ɗinsa sun gaji da zama a leda. Na sauko da shi. Ya buɗe, ya tarar da shi ya fi rabi. Ya girgiza shi. Ya rufe, ya ciro ido na uku, ya juya bayansa.

"Uwata, nan wurin ba shi ne adadin sha nawa ke ciki ba?"

"Shi ne, Baba."

"Talatin da shida. Ina sha biyu a rana. Kwana goma sha takwas ke nan." Ya cire gilashin ya dube ni. "Yau kwana hamsin da ɗaya. Ni dai a sana'ata, in agogon wani ya yi wata biyu yana tafiya ba a ɗaura shi ba, to akwai mai tashi yana ɗaura shi a ɓoye."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli Umma. Tana yanka burodi, ko a jikinta.

"Au, wannan? Ni nake ƙarawa. Na ga ya kusa ƙarewa, na ce kada a wayi gari babu."

"Da me kike ƙarawa, Umma?"

"Da madara mana. Ta awo, ta wurin Mai Shago, wadda muke sha."

Madarar awo a farar leda take zuwa, ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Na ce mata ai na ce daga wannan gwangwanin kawai.

"Daga cikinsa nake ɗiba," in ji Umma. "Ko sau ɗaya ban ɗiba daga wani wuri ba. Cokali biyu a shafe. Ki tambayi babanki."

Gaskiyarta ce. A gidan da gishiri ke zaune a gwangwanin sukari shekara ashirin, gwangwani mazubi ne kawai. Ni da na taso a gidan, na je jami'a na dawo, na tsaya kullum da safe ina karanta jikin gwangwani ina jin daɗi, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Na lakaci garin na sa a harshe. Zaƙi kamar alewa.

Baba ne ya fara dariya. Ya yi ta har ya kama gefen tebur, yana nuna ni da cokali.

"Harshen jariri," yake cewa. "Na ce muku da zaƙi, aka ce min kimiyya ce. Har na je na yi wa Mai Shago gori."

Ni ma sai ta kama ni, irin dariyar da ba ka san lokacin da ta koma kuka ba. Umma ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ajiye wuƙar, ta zauna a kan kujerar kicin, ta ce a hankali, "Wato wata guda ni nake ba shi abin da aka hana." Ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

Baba ya daina dariya. Ya jawo kujerarsa kusa da tata.

"Ke, shekara talatin da biyar ban taɓa buɗe gwangwani a gidan nan na tarar da shi wayam ba. Yau ne zan yi ƙara? Tashi mu je mu ga bayan buhun. Wataƙila ma ba ta kai yadda Likitar gida ke zato ba."

Haka muka fita mu uku a jere, Baba a gaba da gwangwanin a hammata. Mai Shago ya gan mu ya ce lafiya, ko an zo kama shi ne. Baba ya ce buhun madarar awo yake son gani. Buhun yana can ƙuryar shago, rubutunsa yana kallon bango. Suka kama shi su biyu suna nishi suka juya shi. Baba ya durƙusa a kan siminti, ya maƙala ido na uku, ya bi jerin kayan haɗin da yatsa. Na farko ɗaya ne daga cikin sunayen da na rubuta masa a takarda, ya gane shi tun kafin in buɗe baki.

"Gulukos," ya ce. "Shi ne mai gida. Na biyu fa, Uwata?"

"Man girki."

"Na uku?"

"Sukari, da sunansa na gaskiya."

"To ina madarar?"

"Ga ta nan, ta huɗu."

Ya ɗago ya dubi Mai Shago. "Madararka ta zo ta huɗu a gidan ubanta."

Mai Shago ya sunkuya ya leƙa, ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi shekara shida yana sayar da ita bai taɓa juya buhun ba, kowa madara yake ce mata, shi ma madara yake ce mata, kuma ita yake sha. Ba a ɓoye komai ba, ga shi nan a rubuce, bango ne kawai yake karantawa. Ya ce wa Umma ta yi haƙuri. Sannan ya dubi Baba.

"To yaya harshen jaririn?"

"Ya girma," in ji Baba. "Taimaka min in tashi."

Buhun dai har yau rubutunsa waje yake kallo.

Da rana na koma asibiti ni kaɗai, na jira har Likita ta gama ganin mutane, na zayyana mata komai ina haɗa kalmomi. Na riga na yi lissafin cokulan a hanya, kwana talatin da uku, safe da yamma, na faɗa mata. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce abin bai yi daɗi ba, amma kada in manta ya bar lemo, ya bar biskit, yana shan magani, yana tafiya da ƙafa. Ta ce makonnin ƙarshe sun fi nauyi a gwajin, kuma muna da kusan shida a gaba. Na tambaye ta ko hakan na nufin zai sauka. Ta ce ba ta sani ba, jinin ne zai faɗa. Sannan ta ce in je in ci abinci, don ta ga alamar ni ma ban ci ba.

Da na dawo gida na tarar da Baba ya sayo farin salatif da biro. An zazzage gwangwanin mai shuɗin murfi, an wanke, ya tafi shago ya karɓi sifirin ɗinsa. An sayo sabo, Umma ta ce ba mai taɓa shi sai ita, kuma ranar da ya ƙare za ta kife shi a tsakiyar tebur kowa ya shaida. Baba kuwa ya bi kicin gwangwani bayan gwangwani yana manna musu takarda da manyan baƙaƙe, yana rubuta abin da ke ciki na gaskiya. Na gishiri ya rubuta, "Gishiri. Ci ɗaya: ɗan kaɗan." Na biskit ya rubuta, "Zare da allura. Ba a ci." Umma ta ce shekara ashirin tana gane kayanta ba takarda, yanzu ya sa ta ruɗe, ɗazu saura kaɗan ta zuba gishiri a shayi don ta tsaya karatu.

Da safe na tarar da ɗaya a ƙofar ɗakina. Ya rubuta, "Kayan haɗi: tsoro, karatu, surutu, ɗan hankali." Na ce masa ai bai kamata tsoro ya zo farko ba. Ya ce shi ba ruwansa, ni na koya masa cewa wanda ya fi yawa ake fara rubutawa. Ban cire ta ba.

Shayin ya koma ba daɗi, yana sha yana yamutsa fuska, kuma duk yamutsawar da ya yi sai in ji sanyi a raina. Sabon gwangwanin ya ƙare a kwana goma sha takwas cif, Umma ta kife shi a tebur kamar yadda ta ce, Baba ya duba agogonsa ya ce wannan yana tafiya daidai. Na biyu ma haka. Wasu ranakun yakan ce ya ga lambar motar da ta wuce tar, wasu ranakun kuma sai in ga yana murza ido da bayan hannu, in kau da kai kamar ban gani ba.

Shekaranjiya Litinin aka ce mu je ƙarfe takwas a ɗibi jinin. Takwas saura kwata muna zaune a kan benci, ba a ma buɗe ɗakin gwajin ba. Da ma'aikaciyar ta manna takarda a jikin 'yar kwalbar jininsa, sai ya ce ta miƙo ya gani. Ya maƙala ido na uku ya karanta, ya tabbatar sunansa ne, sannan ya ce mata, "'Yata, don Allah kada wanda ya ƙara wani abu a ciki." Ba ta gane ba, amma ta yi dariya ganin yadda ni da Umma muka kifa kai.

Jiya ya ciro agogon direban daga durowa, ya warware ƙyallen, ya ajiye shi a gefen tebur kusa da hantsaki. Bai buɗe shi ba. Sun ce sakamakon zai fito ranar Alhamis da ƙarfe goma. Yau Laraba, kuma ba mu san abin da zai nuna ba.